Fashin Baƙi: Noman Lafanda a Ƙaramar Gona, Daga Dashe Zuwa Kwalbar Mai

Duk wanda ya taɓa sayen sabulu ko man shafawa mai hoton wani siririn fure launin shunayya a jikin kwali, ya san ƙamshin lafanda ko da bai san sunanta ba. Larabawa suna kiranta huzama. Ɗan guntun itace ce da ba ta wuce gwiwa zuwa ƙugu, dangin na'a-na'a da ɗoɗɗoya, kuma gidanta na asali tsaunukan da ke kewaye da Bahar Rum. Inda nomanta ya fi suna shi ne yankin Provence a kudancin Faransa, musamman tudun Valensole, da kewayen garin Sault, da tsaunukan Drôme. A can za mu tsaya, mu duba yadda mai ƙaramar gona yake tafiyar da ita idan ya zaɓi noman da ba a zuba takin zamani, ba a fesa maganin ciyawa ko na ƙwari na kanti, wanda Faransawa ke kira noman biyo.

Manomin da ya ɗauki wannan hanya ya rufe wa kansa ƙofar gyara bayan ɓarna. Idan ciyawa ta rufe dashe ba shi da abin fesa mata, idan cuta ta shiga saiwa ba shi da abin ceto. Ga shi kuma lafanda ba gero ba ce da za a ce bana an yi kuskure baɗi a gyara: abin da aka dasa yau, shi za a zauna da shi shekara takwas zuwa goma sha biyu. Saboda haka kusan duk nasarar gonar tana ƙulle ne a cikin shawarwarin da aka yanke kafin dashe da kuma shekara biyu na farko.

Wace lafanda?

Abin da ake kira lafanda a kasuwa tsirrai uku ne. Ta farko ita ce lafanda ta ainihi, wadda masana ke kira Lavandula angustifolia. Tana son tudu, ta fi kyau daga mita 800 zuwa sama, kowane kara yana ɗauke da zangarniyar fure guda ɗaya, kuma ƙamshinta mai taushi ne domin kafur ɗin da ke cikin manta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ta biyu Lavandula latifolia, mai faɗin ganye, tana fitowa a gangare inda ya fi ɗumi, manta kuwa kafur ya yi masa yawa. Inda waɗannan biyu suka haɗu a tsakiyar tsauni, ƙudan zuma ya yi musu barbara, sai aka samu na uku, ɗan ruwa biyu da ake kira lafandin. Ya fi iyayensa girma, karansa yana da 'yan rassa biyu a gefe, kuma ba ya haihuwa ta iri, sai dai a yanki reshensa a dasa.

Bambancin amfaninsu ba kaɗan ba ne. Ana buƙatar kimanin kilo 130 na furen lafanda ta ainihi kafin a samu lita guda ta mai, amma kilo 40 na lafandin ya isa. Hekta guda ta lafanda ta ainihi da aka shuka daga iri tana ba da wajen kilo 15 zuwa 25 na mai a shekara, lafandin kuwa yana kai kilo 100, har ya wuce a ƙasa mai kyau. Shi ya sa yawancin filayen da ake gani a hotuna, irin na Valensole, lafandin ne, kuma mafi yawansa nau'in Grosso ne, wanda ya samo suna daga wani manomi Pierre Grosso na ƙauyen Goult da ya zaɓo shi a farkon shekarun 1970. Man lafandin shi ke shiga sabulu da garin wanki. Man ta ainihi shi masu haɗa turare na garin Grasse da ke kudancin Faransa ke nema, kuma tun 1981 gwamnatin Faransa ta ba man lafandar Haute-Provence tambarin asali, da sharaɗin a noma ta a kan tudu kuma daga iri.

Ga mai ƙaramar gona, shawarar da ta fi dacewa ita ce ya fara tambayar kansa abin da zai sayar. Idan damin busasshen fure ne, Grosso yana da dogon kara da ya dace da ɗauri. Idan furen da za a sa a shayi ko a abinci ne, ta ainihi kaɗai ta dace, domin kafur ɗin lafandin yana sa ɗaci a baki. Idan mai ne na kwalba, yana da kyau a haɗa biyun: ta ainihi tana riga nuna, lafandin yana biyo baya da mako biyu zuwa uku, aikin girbi ba zai taru wa mutum a mako guda ba.

Ƙasa da ruwa

Abin da ya fi kashe lafanda a hannun sabon manomi shi ne gata. Tsiro ce da ta saba da gangaren dutse, ƙasa mai tsakuwa da alli, irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, inda ruwan sama ke wucewa nan take. Tana son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya kasance daga 6.5 zuwa 8, da rana tun safe har yamma, da iska mai ratsa tsakanin tsirrai. Ƙasar da manomin masara zai raina, ita ce tata. Ƙasa mai laka da ke riƙe ruwa kuwa kabarinta ce: kwana kaɗan saiwar ta yi cikin jiƙa, wata cuta mai kama da naman gwari da ake kira Phytophthora ta kama ta, sai a ga tsiron ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi. A nan ake kuskure na biyu, a ƙara masa ruwa. Idan aka tuge shi za a tarar saiwar ta yi baƙi, ɓawonta yana saluɓewa a hannu.

Gwajin ƙasar ba shi da wuya. A haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 40, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa. Idan cikawa ta biyu ta shafe sa'o'i da yawa ruwa na tsaye, wurin bai dace ba sai an ɗaga kunya mai tsayin santimita 20 zuwa 30 a dasa a kanta. Zuba yashi kaɗan a cikin laka ba ya gyara komai, sai ma ya ƙara mata tauri. Idan ƙasar ta cika tsami, a watsa garin dutsen alli watanni kafin dashe.

Taki ma haka. Ruɓaɓɓen takin gargajiya tan 10 zuwa 15 a hekta, a binne shi kafin dashe, ya wadatar da farko. Ɗanyen kashin kaji ko taki mai yawan sinadarin naitirojin yana sa tsiron ya yi ganye kore shar, karansa ya yi laushi ya kwanta, fure ya ragu, sanyin hunturu kuma ya ƙone sabon tohon. Manoman biyo da yawa suna tara tattakar da ta rage bayan an tatsi mai, su bar ta ta ruɓe, su mayar wa gonar abinta.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai so sanin ko za ta yi a wajenmu. Matsalar tana ga tsarin damina. A Bahar Rum ruwa yana sauka ne a lokacin sanyi, lokacin zafi kuma ƙasa a bushe take. A ƙasar Hausa zafi da ruwa tare suke zuwa, wanda shi ne daidai yanayin da ruɓar saiwa ke so, sannan ta ainihi tana buƙatar sanyin hunturu na gaske kafin ta yi fure sosai. Akwai dai 'yan uwanta na daji a tsaunukan Sahara, irin su Ayar da Tibesti da Jabal Marra, amma ba su ne ake nomawa don turare ba.

Shekarar da ta gabaci dashe

Manomin biyo na ƙwarai yana fara yaƙi da ciyawa tun shekara guda kafin ya kawo dashe. Abin tsoro shi ne ciyawa mai saiwar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, irin kiri-kiri. Idan ta shige cikin gindin lafanda, babu fartanyar da za ta fitar da ita ba tare da an tuge tsiron ba. Don haka ake shuka hatsi ko ciyawar dabbobi mai rufe ƙasa a filin tukuna, sannan a yi ta kaftu a lokacin zafi ana fito da saiwoyin rana ta ƙone su. Akwai kuma dabarar gyara fili kamar za a yi shuka, a bar ƙwayar ciyawa ta tsiro, a bi ta da haro tun tana siririya kamar zare, a maimaita sau biyu ko uku.

Dashen kansa hanya biyu ake samunsa. Lafandin da zaɓaɓɓun nau'o'in ta ainihi, irin su Maillette da Diva, daga reshe ake yin su: a yanko reshe mai tsawon santimita 8 zuwa 10 wanda bai yi fure ba, a zage ganyen ƙasa, a soka shi a yashi mai ɗan danshi, cikin mako huɗu zuwa shida ya yi saiwa. Ta iri kuwa sai an yi haƙuri, domin ƙwayar ba ta tsirowa da kyau sai ta sha sanyi na makonni, kuma tsirran da za su fito kowanne da kamarsa, wani ya riga wani fure, wani ya fi wani duhun launi. Wannan rashin daidaito yana wahalar da girbi, amma shi ne ke ba man tudu zurfin ƙamshin da ake biya da tsada.

Ana dasawa a watan Maris zuwa Afrilu a kan tudu, ko a Oktoba da Nuwamba inda sanyi bai tsananta ba. Ga lafandin, a bar mita 1.8 tsakanin layi da layi, santimita 60 tsakanin tsiro da tsiro, wanda ke ba da kusan tsiro 9,000 a hekta. Ta ainihi ta fi ƙanƙanta, mita 1.6 da santimita 45 sun ishe ta, wato wajen tsiro 14,000. A ranar dashe filin zai yi kama da wanda babu komai a cikinsa, sai zuciya ta raya wa mutum ya matse tazarar. Kada ya yarda. Nan da shekara uku tsirran za su haɗe, kuma idan iska ba ta ratsa su, danshi zai zauna a tsakiya ganye ya fara baƙi daga ciki. Wuyan tsiron ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, a danne gefensa da ƙafa don kada iska ta rage a wajen saiwa, a ba shi ruwa nan take.

A shekarar farko kaɗai lafanda ke neman ban ruwa a kai a kai: sau ɗaya ko biyu a mako a watan farko, daga nan a riƙa tsawaita tazara, ana bari ƙasa ta bushe tsakanin shayarwa. Tiyo mai ɗiga a gindi ya fi mai feshi daga sama, wanda ke jiƙa ganye. A shekarar nan kuma a datse duk karan furen da ya fito. Abin yana da ciwo a zuciya, amma tsiron da aka hana fure a farko yana mayar da ƙarfinsa ga saiwa da rassa, ya zama dunƙulalle. Shekara ta biyu a samu ɗan abin girbi, cikakken amfani sai ta uku.

Ciyawa ita ce babban kuɗin da gonar biyo ke ci. Tsakanin layuka inji ko garma suna iya yi, amma cikin layi, tsakanin tsiro da tsiro, sai fartanya, sau uku ko huɗu a shekara har tsirran su rufe. Kada a zurfafa noma kusa da gindi, domin lafanda tana da ƙananan saiwoyi a sama-sama. Wasu masu ƙananan gonaki suna shimfiɗa saƙaƙƙiyar leda mai barin ruwa ya wuce, su huda ta su dasa. Abin da bai kamata ba shi ne tara ciyawa ko ɓawon itace a gindin tsiro kamar yadda ake yi wa tumatir, saboda yana riƙe danshi a wuya ya ruɓar da shi. Farar tsakuwa ta fi. A Provence akan kuma saki tumaki cikin gonar da ta girma bayan girbi, su cinye ciyawar su bar lafandar, don ba sa sha'awar cinta saboda ƙamshinta.

Cutar da ta sauya noman gaba ɗaya

Akwai wata cuta da manoman Provence ke kira dépérissement, wato ƙanjamewa, kuma duk wanda zai dasa lafanda a can dole ya tsara gonarsa da ita a zuciya. Mai haddasa ta wata ƙwayar cuta ce mai kama da bakteriya, ana kiranta stolbur, tana zama a cikin jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa ta toshe su. Ba ta tafiya da kanta. Wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan tsiro, Hyalesthes obsoletus, wanda tsawonsa bai wuce milimita huɗu ko biyar ba, shi ke ɗaukar ta. Manyan suna tashi a watannin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, su yi ƙwai a gindin tsiro, 'ya'yan kuma su sauka cikin ƙasa su yi hunturu suna tsotsar saiwa. Wannan ne ya sa ko masu feshin magani ba su iya cin ƙarfinsa ba: yawancin rayuwarsa a ɓoye yake.

Alamarta ita ce ganye ya yi rawaya, karan fure ya gajarce, ɓangare guda na tsiron ya bushe, baɗi sauran ya bi. Gonar da ya kamata ta yi shekara goma sai a tuge ta a ta huɗu ko ta biyar. Ita ce ta kawar da nau'in lafandin Abrial da ya mamaye gonaki a da, har Grosso mai jure mata ya maye gurbinsa. Bayan tsananin zafi da farin shekarar 2003 ta sake tasowa da ƙarfi, domin ƙwaron yana son ƙasa mai zafi, tsiron da ƙishi ya raunana kuma ba ya iya jurewa. Man lafanda ta ainihi na Faransa ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya, kuma a wannan tsakanin ne Bulgeriya ta wuce ta a yawan abin da ake samarwa.

Tsiron da ya kamu ba ya warkewa. Abin da ake da shi rigakafi ne, kuma abin sha'awa, kusan dukkansa ya dace da noman biyo. Na farko, a sayi dashe mai shaidar lafiya, wanda aka rena a ƙarƙashin raga mai hana ƙwaro shiga. Yanko reshe daga gonar maƙwabci don a rage kuɗi shi ne hanya mafi sauri ta shigo da cutar, domin uwar tana iya ɗauke da ita ba ta nuna ba tukuna. Na biyu, a zaɓi nau'i mai juriya, kamar Diva, ko Rapido da Carla a cikin masu fitowa daga iri. Na uku, kada a bar tsakanin layuka tsirara. Cibiyar bincike ta CRIEPPAM da ke Manosque ta yi gwaje-gwajen shuka hatsi ko ciyawa a tsakanin layukan sabon dashe, aka ga cutar ta ragu, saboda ƙasar ba ta yin zafi sosai kuma ƙwaron yana shan wahalar gano tsiron. Sai dai a yanke wannan murfi kafin ya fara ƙwace wa lafandar ruwa. Na huɗu, fesa farar ƙasa da aka dama da ruwa a kan ƙananan tsirrai lokacin tashin ƙwaron, ta yi musu farin lulluɓi da ke rikita shi. Ruwan sama yana wanke ta, sai a sake. Sannan duk tsiron da ya nuna alama a tuge shi da saiwarsa a fitar daga gonar.

Akwai wani ɗan ƙuda kuma da ke yin ƙwai a tsagar ɓawon reshe a ƙarshen hunturu, tsutsotsinsa su ci ƙarƙashin ɓawon, reshen ya bushe. Idan an ga haka a yanke reshen a ƙone.

Girbi: lokaci uku don kaya uku

A Valensole fure yana buɗewa daga tsakiyar Yuni, a yanke shi a Yuli. A Sault, da yake tudu ne, girbi yana kaiwa Agusta, har garin yana bikin lafanda ranar 15 ga watan. Amma kalanda ba ta yanke hukunci, zangarniyar ake dubawa. Kowace zangarniya tana ɗauke da ƙananan ƙoƙuna jere a kewayen kara, furen yana leƙowa daga cikinsu, yana farawa daga na ƙasa. Yawancin man yana jikin waɗannan ƙoƙuna ne, a cikin wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani sosai, launin da ke saura bayan bushewa ma nasu ne.

Don damin ado, a yanka da zarar furannin farko sun buɗe, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A lokacin launi ya kai maƙura kuma ƙoƙunan suna manne da kara. Wanda ya makara da mako guda zai ga daminsa yana zuba a ƙasa bayan ya bushe, launinsa ya koma toka-toka. Don ƙwayar fure da ake ɗurawa a 'yan jakunkuna, a ɗan ƙara jira har wajen rabi ya buɗe. Don mai kuwa sai yawancin furen ya buɗe, na ƙasa sun fara yaushi. Ƙudan zuma alama ce mai kyau: idan gonar da ke ta kugi ta fara yin shiru, lokacin tatsa ya yi. Mai amya a gefen gona ya tuna da wannan, don yankan dami da wuri yana rage masa zuma.

A yi yanka bayan raɓa ta bushe, kada a yi bayan ruwan sama sai an samu yini ɗaya ko biyu na rana. Jiƙaƙƙen fure yana yin fumfuna a dami, a tukunyar tatsa kuma yana rage mai. Har zuwa shekarun 1950 da lauje ake yankan lafanda duka a Provence, kuma a ƙaramar gona har yau lauje mai haƙora ya fi komai: a tattaro kara cike da hannu, a yanka sama kaɗan da ganye. Dami guda kara 100 zuwa 150. A ɗaure da roba mai miƙewa, domin kara yana ramewa idan ya bushe, igiya sai ta saki damin ya zube. Kada a tara abin da aka yanka tuli guda a rana, cikin sa'o'i kaɗan tsakiyarsa zai ɗau zafi ya fara ruɓa.

Shanya a inuwa ake yi. A rataye damin kai ƙasa a ɗaki mai duhu da iska ke ratsawa, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu. Rana tana cinye launi, zafin da ya wuce digiri 35 zuwa 40 yana korar ƙamshi, ɗaki marar iska kuma yana kawo fumfuna a wurin ɗaurin. Cikin mako ɗaya zuwa uku ya bushe, gwargwadon yanayi, kuma shaidar ita ce kara ya karye ƙaras idan aka lanƙwasa shi. Mai son ƙwaya sai ya murza zangarniyar a kan rariya, ya sheƙe ƙaiƙayin, ya adana a mazubi mai murfi nesa da haske.

Tatsar mai

Tukunyar tatsa sassa huɗu ce: wurin da ake tafasa ruwa, randar ƙarfe da ake cusa furen a kan raga, murɗaɗɗen bututu da ke nutse a ruwan sanyi, da ɗan mazubin da ke raba mai da ruwa. Tururi yana ratsa furen ya fasa ƙwayoyin mai ya ɗauke shi, ya huce a cikin bututu ya koma ruwa, man kuma da yake ya fi ruwa sauƙi sai ya taso sama.

A al'adar Provence ana barin damin ya sha iska a gona kwana biyu zuwa uku kafin a kai tukunya, ruwan jikinsa ya ragu. Manyan gonaki yanzu suna niƙa shi ɗanye da inji kai tsaye cikin akwatin ƙarfe da ake jona wa tururi, abin da ya rage aiki sosai amma yake ba man ɗan warin ɗanyen ganye. Mai ƙaramar gona gara ya tsaya kan tsohuwar hanya, don ƙamshi shi ne jarinsa.

Kuskuren da ya fi yawa yana wajen cusawa. Tururi yana bin hanya mafi sauƙi, idan aka bar rami a gefen randa zai bi ta nan ya fice ya bar tsakiyar furen da mansa. A cusa kaɗan-kaɗan ana tattakewa, musamman gefe-gefe. Kuskure na biyu shi ne barin furen ya nutse cikin ruwan da ke tafasa. Daɗin ƙamshin lafanda yana zuwa ne daga sinadarai biyu, linalol da linalil asetat, kuma na biyun yana wargajewa idan ya daɗe a ruwan zafi, man ya fito da ɗan tsami. Wuta mai ƙarfi fiye da kima ma tana ba shi ƙauri. Tatsa guda tana ɗaukar kimanin sa'a ɗaya daga ɗigon farko. Mafi yawan man yana fitowa a rabin sa'ar farko, amma na ƙarshe-ƙarshen shi ke ɗauke da sinadarai masu nauyi da ke sa ƙamshi ya daɗe, don haka kada a kashe wuta da wuri. Ruwan da ke fita daga bututu ya kasance mai ɗumi-ɗumi. Idan yana zafi, mai yana tserewa cikin iska.

Sabon mai yana da wani kaifi da ba ya daɗi. A tace shi, a tabbata babu ɗigon ruwa a ƙasansa, a zuba a kwalba mai duhu ko mazubin ƙarfe marar tsatsa a cika shi har wuya, a bar shi makonni ya kwanta. Ruwan da ya rage ma kaya ne, ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da ruwan wardi, sai dai yana lalacewa idan mazubin ba shi da tsabta ko aka ajiye shi a zafi.

Lissafin ƙaramar gona

Rubu'in hekta na ta ainihi zai ba da kilo 4 zuwa 6 na mai, na lafandin wajen kilo 25 zuwa 30. Wanda ya kai wannan ga dillalin sari ba zai fitar da ko kuɗin noman ciyawa ba, balle ma bayan 2019 da farashi ya faɗi sakamakon yawan dashe a Bulgeriya da sababbin yankunan Faransa. Amma kilo guda na mai ya fi lita kaɗan, wato kwalba 110 masu mililita 10. Riba tana ga sayarwa hannu da hannu: kwalba, dami, jakar ƙwaya, sabulu, zuma. Tambarin biyo yana ƙara daraja, sai dai a dokar Tarayyar Turai amfanin gona mai daɗewa irin wannan sai ya yi shekara uku a ƙarƙashin tsarin kafin a sayar da shi da sunan, ana zuwa duba gona kowace shekara, kuma idan tukunyar haya ce dole a wanke ta a raba kayan biyo da na sauran manoma.

Bayan girbi sai aski. A rage tohon bana a mayar da tsiron kamar kifaffiyar ƙwarya, a bar kore santimita 5 sama da tsohon itace. Lafanda ba ta cika tohowa daga busasshen itace ba, wanda ya zurfafa almakashi har can ya kashe reshen. Wanda kuma ya bar ta shekara biyu babu aski zai ga ta yi dogayen ƙafafu, tsakiyarta ta wage, kuma ba ta komawa daidai. A gama askin aƙalla mako shida kafin sanyin farko, don sabon toho ya yi ƙwari. Idan amfani ya fara raguwa, gurabun matattun tsirrai suka yawaita a layi, a tuge gonar duka. Kada a mayar da lafanda wurin nan take: a shuka ciyawar dabbobi mai gyara ƙasa irin alfalfa, a bi ta da alkama ko sha'ir, shekara uku zuwa huɗu, har tsoffin saiwoyi su ruɓe, ƙwaron da ke zaune a kansu ya rasa abinci, sannan a kawo sabon dashe.